Ziyara A Manyan Kantunan Ikko, Inda Mai Ciniki Ke Biyan Bashin Ɓarawo

Duk baƙon da ya sauka Ikko daga Arewa cikin motar kayan gwari, galibi kasuwar Mil Sha Biyu ce ke fara yi masa maraba. Tun kafin gari ya waye manyan motoci ke yin jeri a bakin hanyar Ikorodu, 'yan dako suna sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa da attarugu waɗanda suka kwana biyu ko uku bisa hanya daga Kano da Sakkwato da Filato. Dukiya ce mai yawan gaske zube a fili, babu ƙofa babu kuba. Amma fa ba a sake take ba. Dillali ya san ɗan dako, ɗan dako ya san mai rumfa, mai rumfa kuwa ya san matar da ke zuwa sari daga Agege ko Mushin, har ma ya san ranar da za ta kawo cikon kuɗinsa. Idan lokacin salla ya yi, sai mutum ya ja buhu ya lulluɓe kayansa, ya ce wa maƙwabcinsa, “Malam, ga amana nan,” ya kama hanyar masallaci. Watau a wannan wuri sanayya ita ce mai gadi.

To, in baƙon ya bar nan ya bi ta Ketu da Ojota ya nufi Ikeja, zai tarar da wata irin kasuwa dabam. Gini ne mai faɗi, ga sanyin na'ura, ga hasken lantarki ko da tsakar rana, ga kaya an jera bisa kantoci tun daga shinkafa har zuwa turare. Babu ciniki, babu “albarka”, babu gyara. Kowane abu da farashinsa a rubuce. Mutum zai ɗauki abin da ya ga dama da hannunsa, ya zuba a kwando ko 'yar amalanke, ya biya a bakin ƙofa. Sai dai a nan babu wanda ya san wani, kuma daga wannan rashin sanayya ne dukan abin da ke biye ya samo tushe.

Asalin ɗauki-da-kanka

A zamanin dā, a nan da ƙasashen Turai duka, tebur ke raba mai saye da kaya. Mutum ya faɗi abin da yake so, yaron kanti ya miƙo masa. A shekarar 1916 ne wani ɗan kasuwa mai suna Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memphis na Amurka, ya kau da teburin, ya bar masu saye su ɗiba da kansu. Dabarar ta rage masa yawan ma'aikata, ta kuma ƙara ciniki, domin abin da hannu ya taɓa zuciya takan so. Amma tun a wannan kanti na farko sai da ya kafa ƙofa mai juyawa a mashiga, ya tsara hanya guda wadda tilas kowa ya bi ta gaban mai karɓar kuɗi kafin ya fita. Ashe ke nan sakin kaya da tsare mai saye tagwaye ne, rana ɗaya aka haife su.

A Ikko, kamfanin UAC ya buɗe kantin Kingsway a shekarar 1948, sa'an nan ga Leventis da UTC. Dattawan Kano da Kaduna ba su manta da rassan waɗannan kantuna ba, har ma a Kaduna akwai shataletalen da ake kira da sunan Leventis. Matsin tattalin arziki da faɗuwar darajar naira daga 1986 suka durƙusar da su ɗaya bayan ɗaya. Sai a watan Disamba na 2005 wannan irin ciniki ya sake farfaɗowa sosai, sa'ad da kamfanin Shoprite na Afirka ta Kudu ya buɗe reshensa na farko a rukunin kantunan The Palms da ke Lekki. Na Ikeja ya biyo baya a 2011. A 2021 kamfanin ya sayar da harkarsa ta Nijeriya ga 'yan ƙasa, amma kafin nan irin wannan kanti ya riga ya bazu cikin unguwannin birnin, manya da ƙanana.

Daga ƙofa zuwa ƙofa

Bincike yakan fara tun daga filin ajiye motoci, inda ake leƙa bayan mota a miƙa wa direba kati. A bakin ginin kuma wani ma'aikaci ne riƙe da 'yar sandar nan mai ƙara in ta ji ƙarfe. Wannan kam don tsaron rai ne, kuma ya ƙaru bayan hare-haren bama-bamai na Abuja a 2011 da harin kantunan Westgate na Nairobi a watan Satumba na 2013. Ba a cika samun mai ƙorafi a kansa ba.

Tsaron kaya shi ke farawa a ƙofar kantin kanta. A nan akwai akwatunan ajiya, inda mai jaka babba zai miƙa ta a ba shi 'yar lamba. Ɗalibi da jakar littattafansa, ma'aikaci da jakar kwamfutarsa, matafiyi da ƙunshin tufafinsa, duka sai sun rabu da kayansu. Sau da yawa kuma a jikin bangon akwai sanarwa cewa mutum ya cire kuɗi da abubuwa masu daraja, domin kanti ba zai ɗauki alhakin abin da ya ɓace ba. Abin mamaki ke nan: an ƙi amince wa mutum da kayan kanti, an ce shi ya amince wa kanti da nasa, alhali kuwa ba a yi masa alkawarin komai ba. Daga ranar 1 ga Yuli 2025 gwamnatin jihar ta fara aiwatar da hana wasu kayan roba da ake yarwa bayan amfani ɗaya, ciki har da leda marar kauri, aka shiga kwaɗaitar da jama'a su riƙa zuwa da jakar cefanensu. Mace ta zo da ita, sai ga shi a wasu wuraren a bakin ƙofa za ta bar ta.

A ciki, idanu sun fi ma'aikata yawa. Kyamarori na rataye a rufi, ga madubai masu ƙoƙo a kusurwoyi, ga wasu ma'aikata cikin farin kaya suna kai da kawowa kamar masu saye. Kayan da ba su da girma amma suna da tsada, irin su madarar jarirai da turare da reza da man shafawa, wasu kantuna sukan kulle su cikin gilashi. Uwa mai goyo ta tsaya tana jiran a nemo mai riƙe da mabuɗi, yaro na kuka a baya, ita kuwa gwangwani ɗaya kurum take so.

Akwai kuma 'yan maɓallan roba da ake maƙala wa tufafi da kwalabe, da wasu siraran takardu da ake manna wa kwali. A cikin da yawa daga cikinsu akwai 'yar waya a nannaɗe. Ginshiƙai biyun nan da ke tsaye a mafita suna aika wani sako na iska irin na rediyo, in wayar ta ratsa tsakaninsu sai ta amsa, ƙararrawa ta ɗauka. Aikin mai karɓar kuɗi ne ya cire maɓallin ko ya kashe takardar bayan an biya. Layukan nan baƙaƙe da na'ura ke karantawa a jikin kaya kuwa, a ranar 26 ga Yuni 1974 aka fara amfani da su a wani kanti a garin Troy na jihar Ohio, a kan kwalin cingam. Su ne ke sa mai kanti ya san abin da ya fita ta hanyar ciniki, ya kuma gane giɓin abin da ya fita ta wata hanya.

Bayan duk wannan akwai mataki na ƙarshe. Taku kaɗan daga inda aka biya kuɗi, wani ma'aikaci zai miƙo hannu ya ce, “Oga, rasit.” Zai leƙa leda, ya dubi takarda, ya ja mata layi da biro. A ranar Asabar da yamma, ko a jajibirin Salla da Kirsimeti, layin nuna rasit yakan kusa kamo na biyan kuɗi.

Uzurin mai kanti

Adalci ne a saurari mai kanti, domin ba don nishaɗi yake kashe kuɗi a kan kyamara ba. Ribar kayan masarufi ƙarama ce, gwangwani ɗaya in ya salwanta yakan cinye ribar da yawa. Masu halin ɓera kuwa suna nan, wasu su kaɗai, wasu ƙungiya guda, ɗaya ya ɗauke hankalin ma'aikaci ɗaya ya cusa kaya cikin riga. Wani lokaci ma ɓarnar daga cikin gida take, shi ya sa ake laluben ma'aikatan kansu in sun tashi aiki, binciken rasit kuma rabinsa don mai karɓar kuɗi ake yi. Har wa yau masu kantunan Ikko ba su manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da fushin hare-haren da aka kai wa baƙi a Afirka ta Kudu ya sa aka afka wa wasu rassan Shoprite, ko watan Oktoba na 2020, lokacin da ɓata-gari suka wawashe kantuna a Lekki da Surulere bayan zanga-zangar EndSARS. Ga kuma tsadar rayuwa: bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wanda ke ɗaukar nauyin

Amma ɓarawo ɗaya ne cikin taro, matakan kuwa kowa suke hawa. Mai gaskiya yana biya sau uku. Yana biya da aljihunsa, domin albashin masu gadi da kuɗin na'urori duk a kan farashi suke komawa. Yana biya da lokacinsa. Sa'an nan yana biya da mutuncinsa, wanda shi ne mafi tsada.

Na'ura ba ta san dattijo ba. In yarinyar da ke karɓar kuɗi ta manta ba ta kashe takarda ɗaya ba, ƙararrawa za ta tashi a kan mutumin da ya biya kuɗinsa cif. Nan take idanu su yi caa a kansa, a zazzage ledarsa a gaban iyalinsa. Bayan an gano kuskure sai a ce, “Baba, yi haƙuri,” cikin murya ƙasa-ƙasa, alhali ƙararrawar kowa ya ji ta.

Shi kuma ɗan Adam, wanda ya kamata ya fi na'ura hankali, sau da yawa tufafi yake duba. Mai kwat da takalmi sau-ciki yakan wuce da kati kawai a hannu, ba a ko ɗaga kai. Lebura mai silifa, ko mai babbar riga, ko mace mai zurmemen hijabi, su ne ake bi a baya daga layi zuwa layi. Abin da ke ƙara wa wannan ɗaci shi ne, a Ikko kalmar “maigadi” daga Hausa ta shiga bakin kowa, saboda shekaru aru-aru mutanen Arewa aka sani da riƙe ƙofofin gidaje da kantuna bisa amana. Mutumin da aka damƙa wa mabuɗin gida da dare, shi ne ake zargi da rana a kan sabulu.

Kada kuma a ɗauka kasuwar gargajiya aljanna ce. Inda sanayya ta ƙare, ihun “Ole!”, watau ɓarawo da Yarbanci, yakan tara jama'a da sanduna da taya kafin a tambayi ba'asi. A ƙarshen 2013 hotunan azabar da aka gana wa wasu mata a kasuwar Ejigbo bisa zargin satar barkono sun girgiza ƙasar nan, har Majalisar Dokokin jihar ta shiga maganar. In aka auna da wannan, lalle kyamara da rasit rahama ne. Abin nema shi ne kada kantin zamani ya ɗauko halin taron titi ya shigar da shi ɗakin baya, inda ake tsare mutum, a ɗauki hotonsa, ko a tilasta masa biyan ninkin kuɗin kaya.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare mutuncin kowane ɗan Adam, sashe na 36 kuma ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Wanda ya kama ɓarawo, abin da doka ta ɗora masa shi ne ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Mai gadin kanti ba alƙali ba ne. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wadda aka sa hannu a dokar kafa ta a farkon 2019, inda wanda aka wulaƙanta zai iya kai kuka.

Gyaran ba mai wuya ba ne. In za a duba rasit, a duba na kowa ko a bar na kowa. In ƙararrawa ta yi ƙara, a ja mutum gefe cikin ladabi, mace ta binciki mace. In an karɓi jaka, a ɗauki alhakinta. In kuskuren kanti ne, manaja ya fito da kansa ya ba da haƙuri a inda aka yi abin. Mai saye shi ma ya riƙe rasit ɗinsa, ya kuma tuna cewa yaron da ke bakin ƙofa umarni aka ba shi, a tsaye yake tun safe.

Da magariba, in baƙon nan ya koma Mil Sha Biyu neman motar gida, zai tarar ana ɗaure tamfol bisa ragowar kaya, masu rumfa suna sallama da juna. Wata mata ta ɗauki kwandon tumatir, kuɗinta bai cika ba, mai kaya ya ce, “Je ki, Mama, kya kawo jibi.” Manyan kantuna ba za su iya sanin kowa haka ba, kuma ba wanda ya ce su yi. Amma mutumin da ya shigo da kuɗinsa ya cancanci a ɗauke shi mai ciniki tun daga shigarsa har fitarsa. Hausawa dai sun ce zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.