Hannun da Zai Sake Kai Loma Baki

A Guéné, idan yarinya ta ce karatun lafiya za ta yi, tambaya ɗaya ake mata: likita, ungozoma ko malamar asibiti? 'Yar yayata, wadda ke shirin zana jarrabawar bak a ɓangaren kimiyya, ba ta zaɓi ko ɗaya ba. Ita ergoterapi ta sa a gaba. Ni da nake cin abinci da bakina a gidan rediyo, sai na yi doguwar jimla kafin in fassara wannan kalma: koya wa wanda ciwo ko haɗari ya naƙasa yadda zai koma yi wa kansa hidimar yau da kullum.

A gida ta samo sha'awar. Kakanta na wajen uba, manomin albasa, hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki na dama. Asibiti suka ceto ransa, aka sallamo shi, aka shimfiɗa masa tabarma. Mutumin da ya ciyar da gida shekara da shekaru ya koma sai an ba shi a baki, har ya fara ƙin cin abinci don kunya. Yarinyar nan ce ta naɗa tsumma a mariƙin ludayi ya yi kauri, yatsunsa suka iya kama shi. Ranar da ya sha kunu da kansa, rabi a baki rabi a riga, ya yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba. Daga baya wani malaminta ya gaya mata cewa abin da ta yi sana'a ce da ake karantawa a jami'a.

Mutanenmu sun san mai gashi, wanda ke motsa gaɓa har ta yi ƙarfi. Mai wannan aiki kuwa tambayarsa ita ce: me kake so hannun ya yi maka? Alwala? Ɗaure zariyar wando? Ƙirga canji a kasuwar Malanville? Sai ya gyara kayan aikin, ko ɗakin, ko yadda ake yin abin. Ƙungiyarsu ta duniya tun 1952 take. Masu buƙatarsu kuma ga su nan: waɗanda babur ya kayar a hanyar Kandi, yaran da suka makara wajen zama da tafiya, da waɗanda shan inna ta bari da bara.

Hanyar ce da nisa. Kwatano, fiye da kilomita 700 daga nan, tana da makarantar gashi. Karatun da take so kuwa akwai shi a Oshodi ta Legas, da Jami'ar Gana da ta fara shi a 2012. Duka biyun da Turanci ake yi, ita kuma da Faransanci ta yi karatu, a gida Dendi da Hausa. Don haka shirinta shi ne ta ba Turanci shekara guda tukuna.

Mahaifinta ya fi son ta yi ungozoma a Paraku: kusa ne, aiki kuma ba ya wuya. Ban ga laifinsa ba. Tun da aka rufe gadar Gaya a 2023 ciniki ya ja baya, kowane dala sai an auna shi. Ni kuma tsorona daban ne: ta gama, ta rasa gurbin aiki a nan, birni ya riƙe ta.

Da na faɗa mata haka, cewa ta yi: "Kawu, in babu ofis, ai akwai zaure. Majinyatan a gida suke."

Na yi alkawarin ɗaukar kuɗin shekarar Turancin daga albashina. Sauran kuma za mu zauna da mahaifinta bayan an cire albasa.