Shafin da na tsallake

Ranar 3 ga Oktoban 1962, kwana biyu bayan bikin 'yancin kai, wani manomi yana cikin gonarsa kusa da Zagami, a ƙasar Faskari ta jihar Katsina ta yanzu, sai ya ji ƙara kamar ta aradu. Wani dutse ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Nauyinsa kimanin kilo 18. Aka haƙo shi aka kawo Kaduna, hedikwatar Jihar Arewa a lokacin, aka ajiye a ofishin binciken ƙasa da ma'adinai. Sai daga baya masana suka gano ɓallin duniyar Mars ne. A 1995 an auna iskar da ta maƙale cikin ɗigon gilashin da ke jikinsa, aka ga ta yi daidai da iskar Mars wadda kumbunan Viking suka auna a 1976.

Ni malamin bayoloji ne, a wannan garin na yi aikina, a wata sakandare da ke tsakanin Kawo da Unguwar Rimi, kuma duk wannan labari ban san shi ba. Shi ya sa a watan Agustan 1996, da hukumar NASA ta ba da sanarwar cewa an ga abin da ya yi kama da burbushin ƙananan halittu cikin wani dutsen Mars da aka tsinto a Antatika, har shugaba Clinton ya fito ya yi jawabi, na shiga aji ina dariya. Na ce wa yara tatsuniyar Turawa ce. Ta ina dutse zai taso daga wata duniya ya faɗo wannan? Ashe ɗan'uwan dutsen ya yi shekaru a ajiye a garinmu, nisan tafiyar bas ɗaya daga allon da nake rubutu.

Wannan ƙaramin laifi ne. Babban yana cikin yadda nake koyar da darasin asalin rai.

Makamai uku nake da su, kuma ina ji da su. Na farko Louis Pasteur. Nakan zana kwalbarsa mai lanƙwasasshen wuya a kan allo, in bayyana yadda ya tafasa romo a ciki, iska tana shiga amma ƙura ba ta kaiwa, romon ya daɗe bai lalace ba sai da aka karya wuyan. Daga nan sai in buga tebur in ce kimiyya da kanta ta rufe magana tun 1862: rai ba ya fitowa sai daga rai. Na biyu, nakan ce duk sinadarin da jikin mai rai yake haɗawa ba a taɓa samunsa daga mataccen abu ba, kuma ba za a taɓa samu ba har tashin ƙiyama. Na uku shi ne yajin darasin: Neil Armstrong ya ji kiran salla a kan wata ya musulunta, Amurka ta ɓoye. Idan na kai nan ajin yakan ɗauki kabbara. A littafin da muke aiki da shi kuwa akwai shafi guda mai zanen wasu kwalabe da bututu da tartsatsin lantarki, sunan Stanley Miller a ƙasa. Wannan shafin nakan tsallake shi. Wanda ya tambaya sai in ce idan ya fito a WAEC ya rubuta musu abin da suke so, amma kada ya bari ya shiga zuciyarsa.

Ba ni kaɗai ba ne. A ɗakin malamai akwai wani abokin aikina Kirista da muke saɓani a kusan komai, amma da an ambaci Darwin sai bakinmu ya zo ɗaya. Bayan rikicin Kaduna na Fabrairun 2000 ya kwashe iyalinsa ya koma tsallaken kogi kamar yadda da yawa suka yi, muka rabu kowa yana riƙe da kuskure iri ɗaya. Mu biyun ba mu lura ba cewa littafin Darwin na 1859 magana yake kan yadda halittu suke sauyawa su rarrabu bayan rai ya samu, bai warware yadda ran farko ya faro ba. Mun haɗa tambayoyi biyu muka yi musu jifa ɗaya.

Wanda ya tone ni ɗalibina ne, yaro mai kunya da yake zama layin gaba, wanda ya tafi Jami'ar Ahmadu Bello ya karanta kimiyyar sinadaran jiki. Cikin wani azumi muka haɗu a harabar Masallacin Sultan Bello an tashi daga tafsiri. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya karɓi jakata, muka taka tare zuwa bakin titi. Sai ya ce, “Allah gafarta Malam, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.”

Na ce, “Faɗi, ɗana.”

A hankali ya jero su, ba ya ko ɗaga kai. Takin yuriya da manoma suke saya buhu-buhu, sinadari ne da hantar mutum take haɗawa ya fita cikin fitsari, amma tun 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa shi a kwalba ba tare da wata halitta ba. Miller, yana ɗalibi a Jami'ar Chicago, ya zuba ruwa da iskar metan da amoniya da haidurojin cikin kwalabe, ya riƙa sakar musu tartsatsi a madadin walƙiya, cikin mako guda ruwan ya rine, aka sami amino asid a ciki, wato tubalan da ake gina furotin da su. An buga sakamakon a 1953. A 1969 wani dutse ya faɗo a Murchison ta Ostireliya ɗauke da amino asid iri-iri da ba a duniyar nan suka haɗu ba. Pasteur kuwa romon yau ya gwada, cikin iskar yau, na 'yan watanni. Bai ce komai ba game da ƙasa ta shekaru biliyan 4 da suka wuce. Shi kuma Armstrong, tun 1983 aka fitar da sanarwa a madadinsa cewa labarin ba gaskiya ba ne. A bakin yaron nan na fara jin sunan Zagami.

Sannan ya tsaya ya ce, “Malam, abin da nake so in sani ɗaya ne. Ba ku sani ba ne, ko kun sani kuka ɓoye mana?”

Amsar gaskiya duka biyun ne, kuma ita na ba shi, da ƙyar. Labarin Armstrong a bakin wani na ji shi, ya yi mini daɗi, ban bincika ba. Ni da nake hana yara karɓar hadisi sai sun tambayi ingancinsa, na karɓi labarin ɗan sama jannati ba isnadi. Shafin Miller kuwa na karanta shi sarai. Tsoro ne ya sa na tsallake, tsoron kada yaro ya gani imaninsa ya girgiza.

Ya ce imaninsa ya girgiza ɗin, amma ba Miller ne ya girgiza shi ba. Ranar da ya gano maganganun nan uku ba su tsaya ba, sai ya kwana yana lissafin sauran abubuwan da na koya masa, har da waɗanda na koya masa a Islamiyyar yamma, yana tambayar kansa wanne ne kuma zai rushe. Allah Ya tsare shi, sallarsa ba ta taɓu ba. Sai dai ya ambaci wani abokin karatunsu, shi ma ɗan ajina, wanda tun daga lokacin idan malami ya buɗe baki a kan kimiyya sai ya tashi ya bar wurin. Har yau ban sami ganin wannan yaron ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne gargaɗin yana cikin littattafanmu fiye da shekara 900. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta Tahafutul Falasifa don ya rusa hujjojin masana falsafa, amma tun a gabatarwa ya ware batun husufin rana da wata ya ce wannan ba wurin jayayya ba ne. Ma'anar maganarsa, wanda ya lissafa lokacin husufi ya ga ya zo daidai, idan ka ce masa lissafinsa ya saɓa wa addini, ba lissafin zai yi wa shakka ba, addinin zai yi wa. Ya ƙara da cewa cutarwar mai kare addini ta hanyar da ba ta dace ba ta fi ta mai sukarsa. Mun gani da idonmu ranar 29 ga Maris 2006, rana ta yi duhu a Gusau da Katsina daidai mintin da aka faɗa tun shekaru kafin nan. Ni na kafa wa yara rumfar imani ne a filin da masu shi ba su fara gini ba tukuna, na manta wata rana za su zo da bulo.

Bayan haka shaiɗan ya biyo ta wata ƙofar, don har yanzu akwai fili a buɗe. Amino asid ba rai ba ne. Tsakaninsa da ƙwayar halitta mai fata, mai cin abinci, mai haifar irinta, akwai tazarar da babu wanda ya ƙetare ta a ɗakin gwaji. Masana da yawa ma suna ganin iskar da Miller ya zuba ba ita ce ainihin iskar farkon duniya ba. Burbushin dutsen Antatika ɗin nan da na yi wa dariya, mafi yawan masana ba su gamsu da shi ba, sai dai da madubin bincike suka rushe shi, ba da dariya ba. An san ƙasa ta kai shekara biliyan 4.5, an san akwai alamun rai a duwatsun yammacin Ostireliya masu shekara biliyan 3.5, abin da ya gudana kafin nan kuwa hasashe ne ake ta gwadawa, wasu suna duban sinadarin RNA, wasu maɓuɓɓugan zafi na ƙarƙashin teku. Da sauƙi in ɗauke rumfata in matsar da ita can. Na ƙi, domin ginin bai tsaya ba: ƙurar da kumbon NASA ya ɗebo daga dutsen sararin samaniya mai suna Bennu ta iso a Satumbar 2023, kuma an sami 14 daga cikin amino asid 20 da jikinmu yake aiki da su a cikinta. Ban da haka, ban taɓa jin sanin yadda hadari yake haɗuwa ya hana manomi roƙon ruwa ba. Sanin sababi bai kore Mai sababi ba, akidar da aka koya mini ke nan tun ina ƙarami, ni ne na yi mata ƙarin da ba ta nema ba.

Shekarun da suka rage mini a aji na koyar da shafin Miller, na zana kwalaben da hannuna, na faɗi abin da gwajin ya nuna da inda ya gaza. Wani uba ya zo har makaranta ya ce ina koya wa ɗansa boko aƙida, muka zauna, ya tafi bai gamsu ba.

Labarin Armstrong ne ya fi ƙarfina. Mutumin ya rasu tun 2012, amma duk azumi sai labarin ya dawo a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibaina, yanzu har da bidiyo da sautin kiran salla a ƙasa, wani lokacin a rubuta “kamar yadda Malam ya gaya mana.” Nakan kira wanda ya tura in ce masa ni na gaya muku, kuma ba gaskiya ba ne, ka goge. Wasu sukan goge. Wani kuwa, wanda yanzu shi ma malami ne a Hayin Banki, cewa ya yi, “Haba Malam, ko dai Turawa sun saye ku ne?”