Ɗigon Ƙarƙashin Ƙafar Direba

Bayan ƙaramar salla ta shekarar 1964 muka tashi daga Kano da niyyar sauke farali, mu biyar cikin Land Rover guda, muka bi ta Maiduguri da Fallomi da Abeshe, muka shiga ƙasar Sudan ta Jinaina, sa'an nan Alfashir da Lubayya, hanyar da kakanninmu suka sha bi da ƙafa da jaki, wasunsu shekara bakwai ba su ga Ka'aba ba. Ba zan tsawaita a kan wahalar rairayi ba, domin duk wanda ya bi ya sani. Abin da nake nufin hakaitawa shi ne wata mas'ala ƙarama da ta same mu bayan mun wuce Bara.

Wata safiya direbanmu ya ce diddigensa na santsi, da muka duba sai ga danshi a daɓen motar, daidai inda yake ajiye ƙafafu. Nan fa ihtilafi ya tashi. Wani ya ce salkarmu ce ke yoyo, alhali kuwa salkar a waje take rataye. Wani ya ce ruwan lagireto ne. Wani tsoho cikinmu kuwa ya yi ta'awizi, ya ce jeji ba ya rasa masu shi. Sama kuwa ba ta yi ko gajimare ba tun barinmu gida. Muka goge, muka ci gaba, kafin azahar danshin ya komo, giya kuma ta fara gardama, sai an taka kuloci sau biyu kafin ta shiga.

A haka muka lallaɓa har Umdurman, muka hango ƙubbar Mahadi tana ƙyalli, muka hau gadar Farin Nilu zuwa Hartum. Daga kan gadar ana ganin Mukran, inda kogunan nan biyu suke haɗuwa, su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowanne da launinsa, kafin su gauraya su nufi Masar.

Muka sauka Suk al-Arabi, kasuwar da ke jikin babban masallacin birnin, inda maƙeran zinariya da masu turare da 'yan tireda da fasinjojin motoci suke cakuɗe tun hantsi. Muna cikin lalube da Larabcinmu na littafi, wanda ba ya sayen ko albasa, sai muka ji wani mai agashe, wato tsiren da mutanenmu suka kai can, yana yi wa yaronsa faɗa da Hausa tsantsa. Shi ya haɗa mu da wani dattijo bakanike, wanda kowa ke kira Usta, haifaffen Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wanda mahaifinsa yana cikin waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Bai taɓa ganin Sakkwato ba, amma harshensa na Basakkwace ne.

Da muka zayyana masa ra'ayoyinmu duka, sai ya dube ni, ya ga rawani da tasbaha, ya ce, "Allah gafarta Malam, a babin tsarki da me ake gane ruwa?" Na ce da launi da ɗanɗano da ƙamshi. Ya ce, "To, mu ma mazhabarmu ke nan."

Ya ɗauki farin ƙyalle ya dangwala, ya ɗaga shi ga rana, ya ce ruwan lagireto jan tsatsa gare shi, kuma da shi ne da zafin Hartum ya busar da shi tun kafin mu tsallake gada. Ya sansana, ya ce ba fetur ba ne. Ɗanɗano kuwa ya ce ya yafe, don wasu mayukan dafi ne, amma yana da shaidu biyu da za su tsaya a madadinsa. Na farko fenti: ya nuna mana yadda ya kumbura ya saɓule duk inda ɗigon ya bi, ya ce man burki ne ke cin fenti haka. Na biyu finjalin shayi: ya cika shi da ruwa, ya matse ƙyallen a ciki, sai mafi yawan abin ya narke ya ɓace, domin man burki yana son ruwa, amma wani ɗan maiƙo ya taso sama ya tsaya. Usta ya daɗe yana kallon maiƙon nan, bai ce uffan ba.

Sa'an nan ya bayyana mana cewa a irin wannan mota, burki da kuloci kowanne yana da famfonsa, wanda makanikai ke kira masta, a bisa kan abin takawa, kuma idan robar da ke ciki ta lalace, man ba ya zuba ƙasa inda za a gan shi, sai ya biyo sandar ya gangaro ciki. Ya goge sandunan biyu ƙal, ya shimfiɗa jarida, ya sa direba ya taka burki sau ashirin, jarida ta tsaya a bushe; ya sa ya taka kuloci, kafin ya kai goma sai ga ɗigo. Muka yi hamdala, don kuwa wanda kulocinsa ya mutu tsayawa zai yi, wanda burkinsa ya mutu kuwa sai yadda Allah ya yi.

Da ya kwance famfon ya fito da robar, ta kumbura ta yi laushi kamar jiƙaƙƙen wake, sai ya juya ga direba ya ce, "Ɗana, me ka zuba a gwangwanin man nan?" Yaron ya sunkuyar da kai, don ba ya son ya kunyata babba. Ni na amsa. A wani zango kafin Alfashir ya ga man ya ɗan ragu, ba mu da irinsa, ni kuwa na ba da fatawa cewa mai ai mai ne, a ƙara da baƙin mai na inji. Usta ya yi murmushi, ya ce robar nan ba ta shiri da man inji ko kaɗan, maiƙon da ya taso a finjali shi ne fatawata. Na tuna cewa shekara ashirin ina gargaɗin almajirai a kan ƙiyasin da ake yi tsakanin abubuwa biyu masu bambancin illa, ga shi na aikata shi a kan abin da ban karanta ba.

Aka sayo sababbin robobi a wani kanti, ya wanke bututun burki da na kuloci duka biyu don ihtiyaɗi, ya zuba man da ya dace, ya fitar da iska, kafin la'asar giya na shiga kamar an shafa mata man shanu. Kuɗin aiki kuwa ya rantse ba zai karɓa daga baƙin Allah ba, sai goro biyar da ya zaɓa cikin huhunmu, ya roƙi mu ambaci mahaifinsa a Arfa, domin ya rasu a Mai Wurno bai ƙarasa tafiyar da ya faro ba. Na rubuta sunan a bangon Risalata, washegari muka kama hanyar Bur Sudan.