Ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne

Shekara uku ke nan ina riƙe da wannan labari ban rubuta shi ba, domin ni ne mai laifi a cikinsa. Da hunturun bana ya kunno kai, na ga masu shaguna sun fara rataye hita a bakin ƙofa, sai na ga shirun ya isa haka. Idan jin kunyata zai tsare gidan wani, gara in ji ta.

Wata Talata ce cikin watan Janairu, a gidan da muke zaune a Zariya. Sanyi ya tsananta, hazo ya lulluɓe gari. Na dawo daga sallar Asuba na tarar akwai wuta, sai na yi maza na cika bokiti na jefa hita, irin mai zagayen ƙarfen nan da kowa ya sani. Ruwa bai gama ɗumi ba aka ɗauke wuta. Na ja tsaki, na ciro hitar na rataye ta a ƙusar bayan ƙofa, inda rigunana suke, na yi wanka da ruwan a yadda yake. Ban zare ta daga soket ba, ban kuma taɓa makunni ba. A lissafina babu wuta, to me zan kashe? Na wuce makarantar da nake koyarwa, maiɗakina ta tafi awo, yara suka tafi tasu makarantar. Gida ya rage sai mahaifiyata, wadda ciwon ƙafa ya sa ba ta iya tafiya sai da sanda, a ɗakin da ke manne da nawa.

Wajen ƙarfe 11 aka dawo da wuta. Ita hita an yi ta ne don ta zauna cikin ruwa, ruwan ne ke kwashe zafin da take fitarwa. Idan ta samu wuta tana bushe, nan da nan ƙarfenta zai yi ja kamar garwashi. Riguna suka kama, labule ya karɓa, daga nan sai katifa.

Wani dattijon tela da shagonsa ke kallon gidanmu ne ya fara hango hayaƙi. Ya yi kururuwa, samari suka ɓalle ƙofa, biyu daga cikinsu suka ɗauko Inna cak suka fito da ita tana tari. Wani yaro ya rugo da bokitin ruwa zai watsa, dattijon ya cafke hannunsa. “Kai yaro, tsaya! Ta lantarki ce. In ka watsa za ta biyo ruwan ta kama ka.” Ya je wurin mita ya zare babban fis, sannan ya ce a kawo ruwa da yashi. Kafin 'yan kwana-kwana su iso an ci ƙarfinta, su suka ƙarasa kashewa. Ɗakina ya ƙone ƙurmus, da takardun shaidar karatuna da littattafan da na yi shekara ashirin ina tarawa. Inna ta yi makonni tana fama da ƙirji saboda hayaƙin katifa da ta shaƙa.

'Yan jaje suka yi ta zuwa. Kowa ya ce Allah ya mayar da alheri, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Duk wanda ya tambayi musabbabi sai in ce, “Wutar lantarki ce.” Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba. Wannan jimla ce mai daɗin fakewa, mun saba jin ta a rediyo bayan kowace gobara, kuma ba ta ɗora wa kowa laifi, kamar wutar ce ta ga dama ta tashi da kanta.

Inna ce kaɗai ba ta karɓi wannan amsa ba. Da dare ya yi, jama'a sun watse, ta kira ni ta ce, “Ɗan nan, me ka bari a kunne?” Na sunkuyar da kai na gaya mata. Ta yi shiru, can ta ce, “Mu da muka tashi da murhu da aci-bal-bal, ba a kwanciya sai an bi wuta an kashe, ko garwashin kasko sai an binne shi da toka. Ku kun shigo da wuta cikin bango, kuna kiran ta da sunanta, amma kun daina jin tsoron ta.”

Na daɗe ina juya wannan magana. Bahaushe bai yi kuskure ba da ya sa wa lantarki suna wuta. Abin da ke tafasa ruwa, ya goge riga, ya dafa abinci, ai wuta ce, ko da ba a ganin harshenta. Addini ma ya riga ya koya mana ladabin zama da ita. Hadisi ya inganta cewa wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa cikin dare a Madina, da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW) sai ya yi umarni da a riƙa kashe wuta idan za a kwanta. Iyayenmu sun riƙe wannan a kan fitila da murhu. Mu kuwa da muka samu wutar da ke tafiya ta dawo ba sallama, sai muka saki. A ƙasar da wuta ba ta yankewa, mai guga yana ganin dutsensa da zafi, dole ya kashe kafin ya tashi. A nan kuwa ɗaukewar wutar ce ke yaudarar mu: komai ya yi tsit, mu ɗauka an gama, alhali dutsen guga na kife a kan tufafi, risho na ƙarƙashin tukunya, duk suna jiran a dawo da ita.

Da aka zo gyaran gida na nemo mai gyaran wuta wanda ya san aikinsa, dattijo mai ƙarancin magana. Ya bi gidan ɗaki-ɗaki, sannan ya kira ni. “Malam, ko ba hitar nan ba, gidan nan yana kan hanyar kamawa.” Ya ciro fis ɗin da ke kula da soket-soket ya nuna mini: an naɗa masa jan ƙarfe mai kauri. Nan ma laifina ne. Fis ɗin ya riƙa tsinkewa, na gaji, na kira wani yaro mai 'yan gyare-gyare ya yi mini dabarar da ba zai sake tsinkewa ba, har na yaba masa. Dattijon ya bayyana mini cewa fis siririyar waya ce da aka yi da gangan don ta narke idan kaya sun yi wa layi yawa, ta yanke wuta kafin wani abu ya lalace. Tsinkewarsa gargaɗi ne. Idan ka musanya shi da wanda ba ya narkewa, zafin zai koma kan wayar da ke cikin bango da silin, inda ido ba ya kaiwa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu iya magana.

Ya kuma koya mini wani lissafi da ya kamata a ce na sani tuntuni. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, soket mai baki uku da muke amfani da shi kuma an yi shi ne don ɗaukar amfiya 13. In ka ninka biyun za ka samu wat kusan 3,000, iyakar abin da soket ɗaya zai iya ɗauka ke nan. Butar lantarki kaɗai takan ja wat 2,000, dutsen guga 1,000 ko fiye, hita ma haka. Duk na'urar da aikinta samar da zafi ne, mai cin wuta ce. Amma sai ka ga an jona buta da dutsen guga da firji a ekstenshan ɗaya, don kawai yana da ramuka biyar. Yawan ramuka ba ya ƙara wa soket ɗin bango ƙarfi, kuma ekstenshan mai araha wayarsa ba ta ma kai waccan iyaka ba. Haka nan a wayarin gida, waya mai lamba 1.5 ta fitilu ce, ta soket 2.5 ce. Mai gini ya so rage kuɗi, a zuba 1.5 ko'ina, a shafe da siminti, mai haya ya shigo bai san a kan me yake kwana ba. A kasuwa kuma akwai wayar da aka yi wa rinin jan ƙarfe a waje, cikinta wani abu ne daban. Araha ba ta ado, a nan kuwa har rai takan ci.

Akwai wata ɗabi'a da kusan kowane gida ya sani: kan fulogi ya fashe, sai a feɗe waya a cusa tsirararta cikin soket, a tokare da tsinken ashana. Duk inda waya ba ta kama da kyau ba, nan tartsatsi da zafi ke taruwa. Kuma wuta takan yi sallama kafin ta shigo, mu ne ba ma amsawa. Soket ya yi baƙi a gefe, fulogi ya yi zafin da ba a iya riƙewa, ana jin ƙaurin roba ba a san daga ina ba, makunni yana ƙara kamar ƙudan zuma, firji yana ɗan jan mutum idan ya taɓa shi ba takalmi. Kowanne daga cikin waɗannan mun gan shi a gidanmu, muka ce sai an yi albashi.

Kada wani ya zaci wannan matsalar masu ƙaramin ƙarfi ce kawai. A ranar 14 ga Yuni, 2017, gobara ta cinye benen Grenfell mai hawa 24 a birnin Landan, mutum 72 suka rasu. Bincike ya tabbatar da cewa daga firjin wani gida a hawa na huɗu ta tashi, kayan da aka lulluɓe jikin ginin da su kuma suka yaɗa ta. Idan firji zai iya haka a ƙasar da wuta ke tsaye kuma ake bin doka a wayarin, ina ga namu da ke shan kunnawa da kashewa sau goma a yini, an matse shi a lungu, an jibga kwali da leda a bayansa inda ya kamata iska ta ratsa? Ga kuma sabon baƙo, wato batirin wayar hannu. Matasanmu suna kwana da waya a caji a ƙarƙashin matashin kai, da caja ta jabu, domin kada a kawo wuta cikin dare su rasa. Batirin da ya kumbura ko yake zafi fiye da kima ya gama aiki, kuma katifar soso ba wurin caji ba ce.

Na san abin da za a ce: mutumin da ke neman na cefane, ina ya ga kuɗin sake wayarin? Kuma wani lokaci wutar ce ke zuwa da ƙarfin da ya wuce kima ta ƙona kaya, ba laifin mai gida ba. Duka biyun gaskiya ne. Masu rarraba wuta da masu sa ido kan ingancin kaya da masu gidajen haya, kowa da nasa nauyin, kuma ya kamata a ci gaba da tuna musu. Sai dai abin da ya kusa raba ni da mahaifiyata bai buƙaci ko sisi ba. Miƙa hannu ne kawai in zare fulogi. Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma bai kamata mu mayar da ita bargon rufe sakaci ba.

Yanzu a gidanmu akwai doka, kuma ƙaramar 'yata ce mai tsaron ta. Da zarar an ɗauke wuta sai ta bi ɗakuna tana cewa, “Baba, an zare?” Hita da dutsen guga da buta da risho, duk a cire su daga bango, haka ma kafin kwanciya da kafin fita. Na sa an cire fis ɗin dabara an sa bireka, kowa a gidan har Inna ya san inda babban makunni yake. Akwai bokitin yashi a tsakar gida, makullin ƙofa yana da ƙusa ɗaya da ba ya barin ta, saboda tagoginmu duk ƙarfe ne, ba a fita ta nan. Na rubuta lambar gaggawa ta 112 da ta ofishin kashe gobara mafi kusa na manna a bango. Na kuma gaya wa yara cewa in wuta ta fi ƙarfinsu su fita kawai, su sunkuya ƙasa-ƙasa saboda hayaƙi sama yake bi, kada wanda ya koma ɗauko wani abu.

Takarduna na samu madadin wasu bayan doguwar wahala, littattafai kuwa sun tafi. Inna tana nan da ranta, alhamdu lillahi, kuma har yau in na shiga gaishe ta da dare sai ta tambaye ni ko na bi wuta. Ni gemuna ya riga ya kama, mai karatu, saura kai ka shafa wa naka ruwa. Kafin ka kwanta yau, zagaya gidanka ka duba abin da ke jone a bango. Allah ya tsare mu da iyalanmu daga gobara.