Sawun Yanyawa a Jigayin Balan

Bayan an kai gero da dawa rumbu, kawuna ya aiko cewa mafarautan Balan za su fita, in har da gaske nake son koyo in zo. Na hau mota a Kano, muka bi ta Mariri, muka haye gadar Wudil, muka kama hanyar Gaya, garin da tarihi ya ce daga cikinsa Abagayawa maƙera suka tafi Dala neman tama. Daga can ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni Balan cikin hazon hunturu, ana kiran magariba.

Gangi ne ya tashe ni bayan asuba. A bakin gari matasa sun taru, kowa da kerensa ko gora, wasu da barandami a kafaɗa, karnuka sirara masu dogayen ƙafafu suna ta jan igiya. Kawu ya kai ni gaban Sarkin Baka, na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ɗan ƙanwata ne, yau ya fara."

Tsohon ya dube ni sama da ƙasa. "Yaro, kada ka sha gaban kare. Kada ka jefa kere da mutum a gabanka. Abin da karen wani ya fara kamawa na mai karen ne. In za ka saki igiya, ka yi bisimilla." Wannan na ƙarshe ba al'ada kawai ba ce, domin Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabba ta kamo wa mai ita, tare da ambaton sunan Allah.

Muka jeru sahu guda, muka kutsa cikin sabara da kalgo. Kafin hantsi an kama zomaye, wani ya kakkaɓo fakara da kere tana tashi. Ni dai idona na kan ƙasa, don Kawu ya ce a nan karatun yake. A kan wata jigawa ya tsuguna ya nuna mini sawu ƙanana, masu alamar farce. "Ka gani? Na dila ya fi wannan faɗi, muzuru kuwa ba ya barin farce. Yanyawa ce, kuma da daren jiya ta wuce, iska ba ta shafe bakin sawun ba." Yadda mutum zai dubi yashi ya faɗi wanda ya taka da lokacin da ya taka, wannan ilimi ne, kuma abin yana damuna ganin masu shi yawancinsu sun yi furfura.

Tsohuwar karyar Kawu ce ta tayar da yanyawar daga gindin geza. Ga ta nan, launin yashi, kunnuwa manya, bakin jelarta baƙi, ba ta fi mage girma da yawa ba. Ba ta miƙe da gudu ba, sai ta riƙa kaucewa dama da hagu, karnuka na wuce ta suna juyowa. Ihu ya kaure, ƙura ta tashi, na tsinci kaina ina gudu ƙaya na yagar wandona. Can sai ta ɓace. Muka tarar da karnuka suna tono a bakin rami, ga wasu ƙofofin nan da can, don yanyawa gida take haƙawa mai zurfi da lunguna, iyali guda a ciki.

Samari suka ce a kawo kara a yi mata hayaƙi. Sarkin Baka ya ɗaga sanda. "Wa ya kawo ƙararta? Mai gonar nan bai ce ta taɓa masa kaza ba. Ɓera da fara take ci masa. Namanta ma malamai sun ce makaruhi ne. A janye karnuka." Wasu suka yi gunaguni, amma aka janye. Na ji daɗin hukuncin har raina. A Ingila, inda a da ake bin irinta a kan dawakai don nishaɗi, sai da majalisa ta yi doka a 2004 kafin a hana. A nan kalmar dattijo ɗaya ta wadatar.

Da rana ta take muka zauna a gindin tsamiya, aka dama fura. Tsofaffi suka shiga lissafin abin da suka taso suka tarar: gada, barewa, kura da ke kuka a bayan gari. Yanzu gona ta haɗe da gona har iyakar Ajingi, saura 'yan kurmi da bakin fadama. Shi ya sa matasa ke ɗora karnuka a manyan motoci su nufi dazukan kudu. Da aka ambaci mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, suna hanyar komowa Kano yin sallah, aka ɗaga hannu aka yi musu addu'a.

Da la'asar muka juyo gida. A ƙofar gida Kawu ya feɗe zomon da karyarsa ta kamo, ya miƙo mini kayan cikin. "Kai mata da hannunka, ɗana, ta san ka. Ranar Asabar kai za ka riƙe igiyarta."