Na Yi Kara da Haƙƙin Wani

A kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, da wuya ka sami mai mota da ya taɓa taka ofishin kamfanin inshora da ƙafarsa. Kowa yana da mutuminsa. Idan takardu sun kusa ƙarewa sai ka kai masa tsofaffin tare da kuɗi, ya shiga birni, bayan kwana biyu ya kawo maka sababbi a leda, ka cusa su a aljihun mota ko buɗewa ba ka yi ba. Inshora a wurinmu takardar 'yan sanda ce, abin nunawa a shingen hanya don a bar ka ka wuce. Haka na ɗauke ta shekara da shekaru, kuma a nan na tafka kuskuren da nake so wani ya tsira daga irinsa.

Mutumina dattijo ne, abokin mahaifina. Shi yake yi masa takardu tun ina yaro, da na sayi tawa motar kuwa ban ko yi tunanin wani ba. Baba nake ce masa. Yana zuwa sunan 'ya'yana, ina zuwa gaishe shi da salla.

A ranar 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ƙara kuɗin inshorar dole ta motar gida, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, daga naira 5,000 zuwa naira 15,000. Ta kuma ɗaga diyyar dukiyar da aka lalata daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Da lokacin sabuntawa ya zo, na je wurin Baba ina ƙunƙunin tsada. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Ɗana, wannan ƙarin ba da kai aka yi shi ba. Kawo abin da ka saba, ka ɗora ɗan na mai.” Na fito ina sa masa albarka, ina ganin ribar tsohuwar hulɗa ce ta fara zuwa.

Ƙanena, wanda ke aiki a Kano, shi ya fara ja mini kunne. Ya ce, “Yaya, kuɗin nan hukuma ce ta yanke, ba kayan miya ba ne da ake ragi. Duk wanda ya sayar maka ƙasa da haka, ka tambaye shi inda ya samo. Bari in duba lambar motarka a waya, minti ɗaya ne. In babu kyau, ka sauya wuri.” Na ji maganar kamar ya zagi mahaifinmu. Na ce masa mutumin da ya riƙe gidanmu tun kafin a haife shi ba a bincikarsa da waya, kuma ni ba na cikin masu canza mutane don sun ga sabon ofishi. Ya yi shiru, ya ce Allah ya huci zuciyata.

Da kakar 2024, lokacin da manyan motoci ke sauko da masara daga Doguwa, na taso daga Tudun Wada da yamma. Dab da Kwanar Ɗangora wata tirela ta tsaya ba zato, ɗan adaidaita sahun da ke gabana ya taka birki, ni kuwa na makara. Na buge shi ta baya, babur ɗin ya kife a gefen titi, buhunan da ya ɗauko suka fashe, masara ta watsu a kwalta. Allah ya kiyaye rai, amma matuƙin, matashi ne mai mata ɗaya da jariri, ya karye a hannu. Ina tallafe da shi yana kallon babur ɗin, ba hannunsa ba, yana cewa, “Alhaji, ba nawa ba ne, biya nake yi kullum.”

A daren na kira ƙanena na karanta masa lambar motata. Ya shigar da ita a rumbun bayanan da ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya ke riƙe da shi, wanda ake kira NIID. Babu motata a ciki. Kamfanin da sunansa ke kan takardar ya ce bai san lambar ba. Takardar tana da tambari da hatimi da sa hannu, amma ba ta da kowa a bayanta.

Da takardar gaskiya ce, gyaran babur da kuɗin jinya suna wuyan kamfani. Sai suka dawo wuyana a lokacin da ba ni da tsabar kuɗi. Na sayar da masarar da na yi niyyar ajiyewa zuwa bazara, a farashin kaka, na haɗa da rance. Duk da haka biyan ya zo guntu-guntu. Makonni yaron yana zaune a gida da ɗori, mai babur yana aiko masa, matarsa tana karɓar bashin awo a shago. Asarar masarata ba ta hana ni barci ba kamar wannan. Ni ne na ji kunyar dattijo, amma wani bawan Allah da bai san ni ba, bai san Baba ba, shi ya biya kuɗin kunyar.

Da na je wa Baba da maganar ya kaɗu ƙwarai. Ya rantse shi ma wani yake kai wa a birni, kuma shekaru yana karɓowa ba a taɓa dawo masa da ko ɗaya ba. Na yarda da shi, domin idan ba a duba ba, takardar bogi ba ta tonuwa sai ranar da aka nemi ta yi aiki. Ban ɗora masa laifin da yake nawa ba. An gaya mini farashi, an nuna mini hanyar dubawa, na ƙi, saboda na ɗauka tambaya cin fuska ce. Hausawa sun ce sabo turken wawa, ni kuwa na ɗaure kaina a turken ina kiran abin riƙon amana.

Daga baya na gane cewa ko kamfani na gaskiya bai cancanci a bi shi ido rufe ba. A watan Yunin 2022 NAICOM ta soke lasisin Niger Insurance da Standard Alliance, kamfanonin da suka daɗe suna aiki, wasu mutane sun yi shekaru suna zuba musu kuɗi. A Ingila kuwa sai da hukuma ta sa doka a Janairun 2022 ta hana kamfanonin inshorar mota da gida cajin tsohon abokin hulɗa fiye da sabon shiga, domin kamfanonin sun gano wanda ya saba ba ya duba takarda. A nan gida farashin inshorar dole ɗaya ne ko'ina, don haka ba arha ake nema wajen sauya kamfani ba. Abin dubawa shi ne lasisinsa yana raye, sunanka yana shiga rumbu, kuma yana biya idan tsautsayi ya faɗa.

Yanzu da kaina nake zuwa. Na koma wani kamfanin takaful, tsarin da aka gina kan taimakon juna bisa shari'a, inda ake iya mayar wa masu zubi wani kaso na rarar da ta saura. Noor Takaful da Jaiz Takaful sun sami lasisi a 2016, Salam Takaful ma babban ofishinsa a Kano yake, saboda haka mai shakkar halascin inshora yana da inda zai je. Ina biya, ina karɓar rasit, ina danna *565*11# in ga motata ta fito kafin in bar wurin. Su ma na gaya musu duk shekara zan duba, ranar da na ji sun fara yi wa masu neman diyya je-ka-ka-dawo zan kama gabana. Haka nake ba masu shago da sito shawara idan za su yi inshorar gobara. Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta binciken takardar inshorar mota, amma ba tsoronsu ya kamata ya kai mu ofis ba.

Har yau ina gaishe da Baba, ina kai masa goron salla, zumuncinmu bai taɓu ba. Girmamawa haƙƙinsa ce a kaina, zan ci gaba da ba shi daga abin da yake nawa. Amma takardar da ke aljihun motata ba tawa ba ce ni kaɗai. Ta ɗan sahu ce, da mai tallan rake a bakin titi, da yaron da ke tsallakawa zuwa makaranta a Kafin Maiyaki. Duk wanda zai yi kara ya yi da dukiyarsa. Kafin ka sake tayar da mota, ɗauko ledar nan ka duba lambar.