Kwana Biyu a Gandun Dajin Custer da Mota Mai Ɗaki da Karnuka

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarmu mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana akawuna da malamai labarin wata 'yar tafiya da na yi a ƙasar Amurka. Ni akawu ne, aiki ya kai ni birnin Rapid City na jihar Dakota ta Kudu, na yi 'yan watanni a can. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na ga yadda a ke tsare daji da doka, na ga kuwa abin ya isa mu yi tunani a kansa.

Mutanen ƙasar nan suna da wata al'ada: idan an tashi aiki ran Jumma'a, sai magidanci ya kwashi iyalinsa su tafi daji su kwana biyu. Wani abokin aikina, dattijo, shi da uwargidansa, su ne su ka gayyace ni a watan Satumba. Da wata irin mota mu ka tafi, wadda zan kira mota mai ɗaki, gama gida ce sosai aka ɗora bisa ƙafafun mota. A cikinta akwai gadaje, da tebur, da murhun gas, da firij, da makewayi, da wurin wanka. A ƙarƙashinta akwai tankuna uku: ɗaya na ruwan sha, ɗaya na ruwan wanke-wanke, ɗaya na ƙazantar makewayi. Aka kuma ɗaura wata ƙaramar mota a bayanta tana ja, sai ka ce saniya da ɗan maraƙi. Amfanin ƙaramar zai bayyana nan gaba.

Abokan tafiyarmu kuwa karnuka biyu ne, wani tsoho ƙato mai jan gashi, da wata ƙarama mai yawan haushi. Na san masu karatu za su yi mamaki, domin a wajenmu kare na farauta ne da gadi, iyakarsa tsakar gida. A can kuwa kamar ɗan gida ya ke. An yi wa kowannensu allurar haukan kare, an rataya masa ɗan ƙarfe a wuya mai shaidar haka. Ni dai aka ba ni kujerar gaba, aka shimfiɗa musu nasu wuri a baya, kowa ya tsaya matsayinsa.

Daga Rapid City zuwa Gandun Dajin Custer kamar mil 30 ne kudu. Gandun nan na gwamnatin jiha ne, watau ba na gwamnatin ƙasa duka ba. Girmansa eka 71,000, yana cikin tuddan da a ke kira Baƙaƙen Duwatsu, saboda itatuwan da su ka lulluɓe su, dogaye masu ganye kamar allura, su kan sa a hango su baƙi ƙirin daga nesa. A shekarar 1919 aka tabbatar da shi gandun jiha, bisa ƙoƙarin Gwamna Peter Norbeck. A bakin ƙofa kowace mota sai ta biya kuɗin shiga. Wurin kwana kuwa tun da wuri a ke kama shi ta intanet, wani ma tun da sauran shekara guda.

Muka sauka a zangon da ke kusa da masaukin nan da Shugaba Calvin Coolidge ya yi bazarar 1927 a ciki. Kowace mota da gurbinta mai lamba, da tebur, da murhun ƙarfe, da wurin jona wutar lantarki. Kafin mu sauke kaya maigidan ya karanta mini dokokin wurin. Kare sai da igiya, igiyar kuwa kada ta wuce ƙafa 10. Ba ya shiga gine-ginen gandun, ba ya zuwa bakin ruwan da aka keɓe don iyo. In ya yi kashi, ubangijinsa ne zai kwashe da 'yar jaka ya kai kwandon shara. Ba a hura wuta sai a murhun da aka tanada. Ba a shigo da itacen wuta daga wata jiha, don gudun wani ƙwaro da ke ɓuya a ɓawo yana kashe itatuwa. Da daren nan muka gasa nama, sanyi ya sauko, taurari su ka fito rututu. Motoci sun fi hamsin a zangon, karnuka ba su ƙirguwa, amma ban ga ko ɗaya yana yawo sakaka ba, ban kuwa ga ɗan doka yana tsaye a kan kowa ba.

Da gari ya waye ran Assabar na ga dalilin igiya da idona. Muna shan shayi a waje, sai ga ɓaunar Amurka, wani tsohon namiji, ya ratso cikin zango yana kiwo abinsa. Wannan dabba ta fi ɓaunarmu gashi, tana da tozo, babban namiji ya kan kai kilo 900, duk da haka ya kan yi gudun mil 35 a awa. 'Yar karyar nan ta zabura da haushi, igiya ta tsai da ita. Nan da nan uwargidan ta sure ta, muka shige mota aka rufe ƙofa, muna leƙe ta taga har ya wuce. Maigidan ya ce mini kare ba ya iya yi wa ɓauna kome, abin tsoro shi ne ya tsokano ta, in ta biyo shi kuwa ba inda zai nufa sai wurin ubangijinsa. Don haka hukumar gandun ta ke gargaɗi kada mutum ya kusanci ɓauna ƙasa da yadi 100. Ashe igiyar ƙafa goma ta tsare kare, ta tsare mutum, ta tsare ɓaunar ma, gama dabbar da ta saba kai wa mutane hari ba a barinta.

Labarin ɓaunan nan abin lura ne. A dā miliyoyinsu ke yawo a filayen Amurka. Maharba Turawa su ka yi ta kashe su saboda fata, har kafin shekarar 1890 waɗanda su ka rage ba su fi 'yan ɗaruruwa ba. A 1914 aka sayo 36 daga garken da wani makiyayi mai suna Scotty Philip ya bari, aka sake su a wannan daji. Yau garken ya haura 1,300. Kowace shekara, ran Jumma'ar ƙarshe ta Satumba, mahaya dawaki su kan koro su zuwa shinge, a ƙirga su, a yi musu allura, a duba masu ciki, mutane dubbai suna kallo. A watan Nuwamba a yi gwanjon waɗansu ɗaruruwa, domin a bar daidai abin da ciyawar wurin za ta iya ɗauka, kuɗin kuma ya koma hidimar gandun. To, ku duba, jama'a: lissafi da rajista, aikinmu na akawuna, shi ne ya ke riƙe da garken nan.

Da hantsi muka bi wata hanya mai mil 18 wadda aka yi musamman don kallon namun daji. Muka ga wata dabba kamar barewa mai tsananin gudu, da waɗansu ƙanana kamar kurege masu gina gari guda na ramuka, suna kuka kamar haushin kwikwiyo, har karnukanmu su ka ɗaga kunne. Muka tarar da jakuna masu tare hanya suna cusa kai ta taga neman abinci. Kakanninsu ne ke ɗaukar baƙi zuwa kan dutse a dā, da aka daina sai aka sake su. Muka kuma ga tuddai da baƙaƙen kututture, ragowar gobarar Disamba ta 2017, wadda ta ci fiye da eka 50,000. Sa'an nan na ƙara gane dokar murhu.

Da la'asar aka kwance ƙaramar mota, domin hanyar da za mu bi, wadda aka gama a 1922, ta ratsa cikin dutse ta wata kafa da faɗinta bai fi ƙafa 8 da 'yan inci ba, mota mai ɗaki ba ta shiga. Duwatsun wurin tsaye su ke sirara kamar allurai. Hanyar ta kai mu tafkin Sylvan, muka kewaye shi a ƙasa, tafiyar kamar mil guda, karnuka na gaba da igiyarsu. Ba mu bar su cikin mota ba, domin mota a rufe cikin rana ta kan kashe kare cikin ɗan lokaci. Daga nan a ke hawa dutsen Black Elk, mai tsawon ƙafa fiye da 7,200, wanda ya fi kowane tsawo a jihar.

Sunan dutsen nan na wani dattijon kabilar Lakota ne, a 2016 aka raɗa masa shi, shi ne kuwa ya kawo ni ga abin da ba zai kyautu in ɓoye ba. Ƙasar nan asalinta ta Lakota ce, wuri ne mai tsarki a gare su. A 1868 gwamnatin Amurka ta sa hannu a kan yarjejeniya cewa ta bar musu. A 1874 wani hafsan soja, George Custer, wanda gandun ke ɗauke da sunansa, ya shigo da runduna, aka ga zinariya. A 1877 aka ƙwace ƙasar. A 1980 Kotun Ƙoli ta ce an ƙwace ta ba bisa ƙa'ida ba, ta yanke diyya fiye da dala miliyan 100. Lakota su ka ƙi karɓa, su ka ce ƙasarsu ba ta sayarwa ba ce, har yau kuwa ba su karɓa ba. Watau a wuri guda na ga doka iri biyu: wadda aka kiyaye ta mai da 36 su ka zama dubu, wadda aka karya kuwa shekara fiye da 140 rauninta bai warke ba.

Ran Lahadi kafin mu tashi aka kashe wuta da ruwa, aka tsince shara, aka kai motar wurin da aka gina don juye tankunan ƙazanta. Gurbinmu ya koma kamar ba a taɓa sauka a ciki ba.

'Yan'uwa, mu ma muna da gandun da ke hannun jiha, watau Yankari. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya zama na ƙasa duka a 1991, ya komo hannun jihar Bauchi a 2006. Yana da giwaye da ruwan ɗumi na Wikki, abubuwan da Custer ba shi da su. Amma maharban ɓoye da shigar da shanu kiwo sun daɗe suna damunsa. Ma'aikatan daji ba za su iya tsayawa bayan kowace bishiya ba. Ina roƙon malamai su riƙa gaya wa yara amfanin gandun daji, masu hali su kai iyalinsu su gani, wanda ya je kuma ya biya kuɗin ƙofa, ya bi doka ko ba mai ganinsa. Abin da aka bari ya ƙare, jikokinmu sai dai su ji shi a tatsuniya.

  

Ni ne naka,
Wani Akawu Matafiyi.